Tsuntsun da Ya Iya Fiton Auta

Mai Kunne ake ce masa, don aikinsa ke nan: ya tsaya bakin tafki ya ƙirga wa masu bincike tsuntsaye da jin kukansu kawai. Ran nan gab da magariba ya koma ɗauko rikodar da ya manta a rataye jikin reshe.

Wata bakwai ke nan da rasuwar autarsa, kuma tun lokacin mantuwa ta kama shi. Ita ce 'yar rakiyarsa. Ya koya mata fito irin na ɗan tsuntsun nan mai ɓuya cikin ciyawar ruwa, gaɓa huɗu, amma giɓin haƙorinta bai taɓa barin ta huɗun ta fita ba. Sai iska, fuu, ta bushe da dariya.

Wurin na warin laka da ruɓaɓɓen ganye. Kwaɗi sun yi tsit. Can cikin ciyawa tsuntsun ya soma: ɗaya, biyu, uku.

Fuu.

Shekara talatin yana wannan aiki, wallahi bai taɓa jin tsuntsu ya yi haka ba. Ya san autarsa ta mutu, shi ya sa ta a kabari da hannunsa. Duk da haka, bawan Allahn nan sai ya amsa fiton.

Aka mayar masa, kusa.

Ya shiga ruwa. Gwiwa. Ƙugu. Laka na tsotsar ƙafarsa.

Yana jiran dariyar. Ba ta zo ba. Fito dai, fito dai, babu ko jan numfashi a tsakani. Kuma kunnensa ya gaya masa daga ƙasa sautin ke tasowa, daga cikin ruwan.

"Baba," aka ce a hankali, "ƙaraso mana."

Ya ja A'uzu da ƙyar, ya cafki wata saiwa, ya fizge kansa. Takalmansa suka zauna can.

Bai sake komawa tafkin ba, aikin ma ya ajiye. Sai bayan kwana uku ya iya gaya wa matarsa, ya rantse mata cewa ba Auta ba ce. Ta dube shi, hawaye na zuba.

"Na sani," ta ce. "Amma kai ka ji. Ka kai ni, ko na ƙaryar ne in ji sau ɗaya."