Jaririyar Saudatu Ba Ta Yi Kuka Ba

Ɗamarar raino tana manne a kan cikin Saudatu, tana aikinta shiru. Duk bayan minti ɗaya sai ta aika wa ɗan tayi wani siririn motsin lantarki, don huhunsa ya ƙosa da wuri. Shekara biyu da fara amfani da ita a Birnin Tsauni, mutuwar bakwaini ta zama tarihi. Dakta Mairamu Tsiga ce ta ƙera ta, ita ce kuma ta ɗaura wa ƙanwarta da hannunta.

Ranar Talata da hantsi Saudatu ta sauka, a hawa na sittin na asibitin birnin. Na'urar unguwarzoma ta ɗaga jaririyar. Yarinyar ta wangale baki, fuska ta yamutse, amma babu kuka, sai ɗan fito duk lokacin da ta ja numfashi.

"Yaya, me ya sa ba na jin ta?" in ji Saudatu.

Mairamu ta dubi allon bincike. Tantanin murya biyu da ke maƙogwaro, waɗanda ke buɗewa iska ta wuce, su haɗu sauti ya fito, sun tsaya cik. Jijiyar da ke motsa su ta shanye tun a ciki. Kafin azahar likitoci suka huda wuyan yarinyar, suka sa mata bututun numfashi.

Mairamu ta san wannan fiton. Lokacin gwaji a kan tumaki, 'yan raguna uku cikin ɗari biyu haka suka faɗo, ba ko "mee". Wani birni na gab da riga su fitar da irin ɗamarar, sai ta goge ukun daga rahotonta. Daga baya labarin jarirai goma sha ɗaya masu irin wannan fiton ya iso teburinta, ta ce sa'a ce ba su yi ba.

Kwana uku Mairamu tana riƙe da maganar a ranta. A rana ta huɗu ta zauna a bakin gadon ƙanwarta, ta faɗa mata komai.

Saudatu ta dubi 'yarta.

"Kin sani, Yaya, kika ɗaura mini?"

"Na ɗauka ba zai faɗo kanmu ba."

"To kan wa kika ɗauka zai faɗa?"

Mairamu ta miƙe. Ta hau ɗakin sarrafa ɗamarun, ta aika wa hukumar lafiya rahoton gaskiya da sunanta a ƙasa, sannan ta kashe ɗamara dubu arba'in a lokaci guda.

Ba a yi awa ɗaya ba waya ta shigo. Wani magidanci ne.

"Dakta, cikin matata wata shida ne, ga naƙuda na neman taso mata. Mun binne biyu kafin ɗamarar nan ta zo. Na ji sanarwarku, na yarda, ko ba zai yi magana ba ina son abina da rai. Don Allah ki kunna mana."

Mairamu ta ɗora yatsa a kan maɓallin kunnawa. A allon gabanta, wasu kira dubu uku suna jiran layi.