Wasiƙar Marigayi Abdulsalami

Ranar Litinin da hantsi Malam Nasidi ya kashe babur ɗinsa a gindin durumin makarantar Tudun Lado, can bayan Zoza, sai ya ji abin da bai taɓa ji ba a firamare, wato shiru. Ba karatu, ba kuka, ba ƙarar bulala. Yara duk suna waje, sun dunƙule wuri guda sun zuba wa taga ɗaya ido. Hedimasta Malam Gwadabe na tsaye nesa da ƙofar aji shida, carbi a hannu, leɓensa na motsi.

Malam Nasidi shi ne sakataren ƙungiyar malamai da iyayen yara ta wasu makarantu bakwai da ke tsakanin Karaye da Rogo, kuma shi ke fitar da takardar labaransu duk wata. Shafi biyu ce tak. A zauren gidansa da ke Unguwar Hajji ta Karaye yake buga ta da tafireta, ya gurza kwafe-kwafe a inji, ya rarraba: wa aka yi wa haihuwa, wane malami aka yi wa canji, wace makaranta iska ta yaye wa rufi, wa ya riga mu gidan gaskiya. Tsantseninsa da rubutu har ya yi yawa. An taɓa ganinsa ya koma Beli cikin ruwan sama don kawai ya tabbatar ko jaririn da aka raɗa wa suna namiji ne.

Ko gaisuwa ba su gama ba hedimasta ya kama hannunsa.

"Leƙa ka gani, Malam. Wadda ka buga mana rasuwarta ce zaune a ciki."

Ya leƙa. Ajin da duhu, don tagoginsa ƙanana ne. A bencin gaba wata siririyar yarinya ke zaune ita kaɗai, ta ɗora hannaye a cinya, tana kallon allo kamar ana yi mata darasi. Da yatsunsa ya buga sanarwar wata biyu da suka wuce: Ruƙayyatu Abdulsalami, 'yar aji shida, ta rasu a dajin kiwo, Allah ya jiƙanta. A wannan filin yara suka yi mata salati, suka shafa.

Sai ya dubi ƙafafunta. Taɓo ne har idon sahu, ga kuma ƙaya ta karce ta a ƙwauri. Ya saki numfashi, ya yi sallama ya shiga.

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce a hankali, "Malam, na zo karɓar takardata ta sakandare ne. An ce wai na mutu."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara aikin malanta.

A ofis hedimasta ya warware masa. Yarinyar ita ta fi kowa cin jarrabawa a makarantu bakwai ɗin, an ba ta gurbi a sakandaren 'yan mata ta kwana. Da damina ta sauka gidansu kakaf suka kora shanu kudu don gudun shiga gonakin mutane, ba su bar ko kaza a ruga ba. Da sanarwa ta fito, sai ya mayar da takardar shigarta inda ta fito, kamar yadda aka saba. Ranar Juma'a kuma makarantar za ta rufe karɓar sababbin ɗalibai.

"Kai ka aiko min da labarin rasuwar," in ji Malam Nasidi.

"Ni? A takardarka na gani. Na zaci daga daji aka aika maka kai tsaye."

"A jakar makarantarka na tarar da wasiƙar."

Malam Nasidi ba ya yar da takarda. Ya kwance fayil daga bayan babur, ya zaro wasiƙar. Fallen littafin rubutu ne, da manyan baƙaƙe karkatattu irin na wanda ya koyi boko da girma. Hedimasta ya karanta a fili: "Ina sanar da ku 'yata Ruƙayyatu ta rasu da zazzaɓi. Ni ne mahaifinta, Abdulsalami."

Ya ajiye takardar a kan tebur, ya janye hannunsa daga kusa da ita.

"Malam Nasidi, Abdulsalami shekararsa biyu a ƙasa. Da kafaɗar nan na ɗauki makararsa."

Iska ta ɗaga gefen wasiƙar ta sake ta, ba wanda ya kai hannu.

"Kuma ba shi ya haife ta ba," hedimasta ya ƙara, murya ƙasa ƙasa. "Bappanta ne, wan ubanta. Uban sunansa Sulle. 'Yar fari ce, ka san mutanen ruga da kunyar ɗan fari. Sulle ba zai riƙo hannunta ya kawo ta makaranta ba ko za a yanka shi. Bappan ne ya kawo ta, malamin da ke kan rajista ya tambayi sunan wanda ya kawo ta ya rubuta. A nan ma ba mai ce mata Ruƙayyatu sai ranar kiran suna. Yelwa muka sani."

Malam Nasidi ya dube shi da kyau. Da farko ya so ya zarge shi, don Gwadabe mutum ne mai son a ce ɗan wane ya samu ta hannunsa. Amma wanda ya ɗauki gawar mutum ba zai ara sunansa ya sa hannu a wasiƙa ba. Haka sauran malaman makarantar, duk sun je jana'izar.

Saura uban. Ba sabon abu ba ne a ce yaro ya mutu don a raba shi da boko. Ya ɗora yarinyar a bayan babur suka nufi ruga. Sun tarar ana kafa bukkoki, shanu kuwa babu ko ɗaya. Sulle ya shimfiɗa masa buzu, aka kawo kindirmo, aka gaisa har sau uku.

"Ina shanun, Malam Sulle?"

"Suna can baya da ƙannena. Ni na yo gaba saboda ita wannan, an ce lokacin makaranta ya yi."

"Wacce?"

Sulle ya kawar da kai, ya nuna bayan bukka da haɓa. "Ta wajen Bappa."

"Ka taɓa aika wasiƙa Karaye?"

"Ni ko ajami sai an karanta min."

"Ka sa wani ya rubuta maka?"

"A kan me?"

Malam Nasidi ya karanta masa. Da ya zo kan sunan da ke ƙasa, Sulle ya runtse ido ya yi salati. Sannan ya ce, "Wanda ya rubuta wannan bai san mu ba. Marigayi ya bar min wasiyya kada a cire ta daga karatu. Kwana shida muka yi a ƙafa."

Mutumin da ya kasa furta sunan 'yarsa a gaban baƙo ba zai sa a rubuta "'yata Ruƙayyatu" ba. Malam Nasidi ya yi masa alkawari da bakinsa cewa kafin Juma'a zai gyara abin da ya ɓata, ya hau babur. A hanya yana ta juya magana ɗaya: duk wanda ya yi wannan aiki, a takarda kaɗai ya san yarinyar. Ya ga suna biyu a jere, ya ɗauka na biyun uba ne.

Washegari ya sami Bilya a Rogo. Bilya dattijo ne mai keke, shi ke zagaya makarantun bakwai yana tattaro jakar labarai ya kai Unguwar Hajji. Bai iya karatu ba, amma ba ya mantuwa, kuma ba ya son a yi masa tambaya biyu a kan abu ɗaya.

"Watan da aka yi ruwan ƙanƙara, takarda nawa ka karɓo a Tudun Lado?"

"Biyu."

"Ka tabbata?"

"Ranka ya daɗe, ɗaya ta rufin da ya yaye, ɗaya ta sunan ɗan malamin Arabiyya. Hedimasta da bakinsa ya faɗa min."

"Uku na tarar."

"To ta ukun ba a kekena ta hau ba."

"Ka tsaya wani wuri?"

"Sallah kawai, jakar kuma tana wuyana har na idar."

"Wa ka ba?"

"Ba ka nan. Na yi sallama, aka ce in rataye a zaure inda na saba."

Malam Nasidi ya yi wa tsohon godiya.

Ranar Laraba da sassafe ya tafi sakandaren. Firinsifal mace ce mai tabarau, ba ta da lokacin dogon zance. Ta saurare shi, ta jawo wani fayil.

"Gurbi ɗaya muka ba yankinku bana. Da aka dawo da takardar tare da sanarwarku, sai muka ba ta biyu a jerin."

"Idan mai gurbin tana raye fa?"

"Ka kawo ta kafin Juma'a, da bayani a rubuce, ka sa hannu. Amma gado ɗaya ne, Malam. Ta biyun sai ta haƙura."

"Wace ce ta biyun?"

Ta bi layin da biro. "Baraka Nasidi, Unguwar Hajji." Ta ɗago kai ta dube shi ta saman tabarau. "Ka san ta?"

Ya san ta. Wata guda ke nan da takardar 'yarsa ta iso a makare, ya ɗauka ƙarin gurbi aka yi, har ya yanka zakara. Shi da ke bin diddigin sunan jaririn wasu, bai tambayi daga ina alherin gidansa ya fito ba.

"Zan kawo mai gurbin," ya ce.

La'asar sakaliya ya iso gida. Bai shiga ciki ba, ya zauna a zaure gaban tafireta, ya aika a kira masa matarsa Laure. Mace ce mai kaifin kai, ita ke koya wa matan unguwa yaƙi da jahilci, ita kuma ke taya shi jera shafuka idan ya gurza. Shekara goma sha biyar bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Ta kawo ruwa, ta yi masa sannu da zuwa. Ya shimfiɗa wasiƙar a tabarma tsakaninsu.

"Laure, wane ne Abdulsalami?"

Ta dubi takardar, ba ta taɓa ba. "Ba uban yarinyar nan ba ne da ta rasu?"

"Ina kika san haka?"

"A jerin sakamako na gani, Malam."

"A jerin da ke cikin akwatin nan, wanda ba mai buɗe shi sai ni da ke. Abdulsalami ba ubanta ba ne, bappanta ne, kuma ya rasu shekara biyu ke nan. Duk wanda ya taɓa shan ruwa a Tudun Lado ya san haka. Yarinyar kuwa shekaranjiya na goya ta a babur."

Ta sunkuyar da kai.

Ya ci gaba, bai ɗaga murya ba. "Bilya takarda biyu ya kawo, ni na tarar da uku, jakar kuma a zauren nan ta yini. Labarin tafiyarsu kiwo ni na buga shi wata guda kafin nan, ke kika jera shafin. Kin san ba kowa a rugar da zai ƙaryata. Rubutun ɗan koyo kuwa, wa ya fi ki sanin yadda yake karkata?"

Da ta yi magana, muryarta a bushe take.

"Maki biyu ne tsakaninsu, Malam. Na ce a raina waɗannan mutane ba za su dawo da ita ba, gurbin zai tafi a banza. Ni daga aji bakwai aka tsayar da ni. Ban so Baraka ta tsaya inda na tsaya ba."

"Sai kika kashe 'yar mutane a takarda, kika ba ni na buga da hannuna. Yara ɗari da hamsin suka yi wa mai rai addu'ar mamaci. Ta shiga aji, ƙawayenta suka gudu."

"Tun ranar ban yi barcin kirki ba," ta ce. Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Za ka buga sunana?"

Ya ji haushinta, ya kuma ji tausayinta, bai san wanne ya fi yawa ba.

"Zan buga cewa sanarwar ƙarya ce, daga gidana ta fito, kuma na ajiye aikin sakatare. Gobe ni da ke za mu je ruga ki durƙusa wa Sulle, daga can in kai yarinyar makaranta."

"Baraka fa?"

Ya tashi ya shiga cikin gida. Yarinyar na tsakar gida a gaban sabon akwatin ƙarfe, tana linke fararen zannuwan gado ɗaya bayan ɗaya, tana 'yar waƙarta. Da ta gan shi ta russuna ta gaishe shi, fuskarta cike da murna.

"Baba, gobe da safe za mu tafi ko da yamma?"

Ya durƙusa kusa da ita, abin da bai saba yi ba, ya dafa murfin akwatin.

"Bana ba za ki je ba," ya ce. "Gurbin yana da mai shi, kuma tana da rai."