Magadan Ambrose Wickett

Mahaifina, Ambrose Wickett, ya daɗe mutanen gundumarmu suna cire masa hula a ƙofar coci. Ni 'yarsa ce, Dorcas. Na tsufa yanzu, amma har yau idan baƙo ya tambaye ni 'yar gidan wa ce ni, sai in faɗi sunan mijina in kau da kai. Rabin abin da zan faɗa daga bakinsa na ji, yana kwance yana jiran ajali. Sauran idona ne ya gani.

Ya ƙetaro teku ya zo ƙasar Virginia daga Ingila ba shi da komai sai rigar jikinsa. Baran wa'adi ne, irin waɗanda ake ɗaukowa a jirgin ruwa su yi wa wani noma na wasu shekaru kafin a sallame su. A jirgin ya haɗu da Rowland, suka zama kamar wa da ƙane. Da wa'adinsu ya cika kowa ya sami ɗan fili a bakin kogin Rappahannock, suka sare daji suka dasa taba. A daminar farko zazzaɓi ya kwantar da mahaifina har ya fid da rai, sai ya sa aka rubuta cewa in ya mutu Rowland ne magajinsa. Ya warke, ya manta da zancen.

Taba muguwar shuka ce. Ita ce kuɗinmu, da ita ake biyan limamin coci da maƙeri, amma cin ƙasa take yi. 'Yan shekaru kaɗan gona ta gaji, sai ka sari sabon daji. Mai barori da yawa bai damu ba. Mahaifina kuwa hannu biyu gare shi, yana kallon ganyensa na ƙanƙancewa, yana kallon gangunan tabar manyan mutane ana mirgina su zuwa jirage. Rowland ya yi aure, ya sami ɗa, yana shan faten masararsa yana gode wa Allah. Mahaifina kuwa ya kasa haƙura.

Akwai wani tsoho, Lambert, da ke zaune can cikin fadama. An ce saboda tsafi aka koro shi daga Ingila. Kowa ya san inda yake, ba wanda ke yarda ya taɓa zuwa. Mahaifina ya ɗebi ƙasar gonarsa cikin tsumma ya tafi da rana tsaka.

Ya ce bishiyoyin wurin sun haɗe kai har rana ba ta sauka ƙasa. Ba kukan tsuntsu, ko sauro babu. Bukkar tana kan turaku a saman baƙin ruwa, an rataye ƙasusuwan kan alade a bakin ƙofa. A ciki kwalabe ne jere, cike da ƙusoshi masu tsatsa da gashin mutane. A tsakiyar ɗakin an cire katako ɗaya, ruwan fadamar na kallon mutum ta ramin, ga wata tukunyar ƙarfe a gefe, ba wuta a ƙarƙashinta amma tana tururi.

Tsohon bai tambaye shi abin da ya kawo shi ba. Ya karɓi tsumman, ya ɗanɗana ƙasar a harshe, ya ce za ta iya ba da taba har ƙarshen duniya ba ta gaji ba. Mahaifina ya yi masa tayin rabin amfanin shekarar.

"Ɗan samari, me zan yi da taba?" in ji Lambert. "Ba ni ke ci ba, ƙasar ce. Tana jin yunwa kamar kowa."

"Me take ci?"

"Magajinka."

Mahaifina ya ce dariya ta kusa ƙwace masa. Ba mata, ba ɗa, danginsa duk sun mutu a bayan teku. Ya ce wa tsohon shi ba shi da magaji.

"To ka ga ka samu da araha. Miƙo hannu, ko ka koma inda ka fito."

Ya miƙa. Tsohon ya tsaga masa babban yatsa, ya ɗiga jinin a kan ƙasar, ya cuɗa da irin taba da wani abu daga tukunyar, ya ɗura cikin kwalba ya toshe da kakin zuma. Ya sa shi ya durƙusa a bakin ramin ya faɗi sunansa da na uwarsa cikin ruwan. Mahaifina ya ce ya ji ruwan ya maimaita. Kwalbar kuma ya binne ta a tsakiyar gonarsa kamar yadda aka umarce shi.

A shekarar ganyen tabarsa ya kai tsawon hannun babban mutum, tsutsa ba ta taɓa ko ɗaya ba. Matuƙan jirage suka riƙa tsayawa a mashigarsa tun kafin su je ta kowa. Ana cikin girbi aka tsinci Rowland kwance tsakanin kunyoyin gonar mahaifina, ba rauni a jikinsa, bakinsa cike da ƙasa. Wajen jana'iza limamin coci ya dafa kafaɗar mahaifina yana ba shi haƙuri, ya ce ya san irin zumuncinsu, tunda har mamacin ne mahaifina ya rubuta magajinsa. A nan ne ya tuna.

Ya koma fadama a guje. Lambert ya ce masa yunwa ba ta ƙarewa da loma ɗaya. Duk lokacin da ganye ya fara ja tun daga gindi, ƙasar ta sake jin yunwa ke nan, kuma in bai rubuta kowa ba, wanda yake jininsa za ta ɗauka. Mahaifina ya tambaya ko akwai mafita. Tsohon ya ce akwai: ya bar gonar da duk abin da ta ba shi, ya fita da rigar jikinsa, magana ta ƙare.

Da ya faɗa mini wannan sai ya juya fuska ga bango. Ya ce ya tsaya a bakin gonar ranar nan ya daɗe yana kallon ganyen. Sai ya shiga gida.

Bayan takaba ya auri matar Rowland, Margery, ya riƙe ɗanta Giles. Mutane suka ce ga aboki na ƙwarai. Ita ce ta haife ni, ta haifi ƙanena Miles. Muka tashi a gidan bulo mai tagogin gilashi, muna cin abinci da cokulan azurfa, ba mu san abin da muke ci ba.

Mahaifina ya sayi barori da yawa. Lokaci lokaci sai ya zaɓi guda, galibi wanda ba shi da kowa, ya jawo shi kusa, ya zaunar da shi a teburinmu, ya kira shaidu ya rubuta masa gonar. Yana cewa shi ma bara ne a da, ya san zafin abin, 'ya'yansa kuma zai sama musu wani fili. Limamin coci har wa'azi ya yi da sunansa. Na tuna wani a cikinsu, Hugh, mai jan gashi, wanda ya yi kuka ya sumbaci hannun mahaifina a gabanmu. Kafin kaka ta wuce aka binne shi. Ƙasarmu mai cin mutane ce da zazzaɓi, don haka ba wanda ya yi mamaki. Daga baya ya sayi bayi baƙaƙen fata, kuma ya faɗa mini da bakinsa cewa abin da ya hana shi rubuta su shi ne bawa ba ya gadon ƙasa.

Wata shekara ganye ya yi ja da wuri, jirgin barori kuma bai iso ba. Mahaifina ya ce lokaci ya yi da zai saka wa Rowland, ya rubuta wa Giles gonar. Mahaifiyata ta yi murna har ta yanka alade ta kira maƙwabta. Giles saurayi ne a lokacin, shi ke goya ni mu tsallaka rafi. Ita da kanta ta tsince shi a gonar. Da ta buɗe bakinsa ta ga abin da ta taɓa gani a bakin ubansa, ba ta yi kuka ba. Ta dawo gida ta hau gado, ba ta ƙara yarda ƙafarta ta taɓa ƙasa ba. Ba ta cin duk abin da ya tsiro daga ƙasa. In mahaifina ya shigo sai ta rufe fuska da mayafi tana karanta sunayen matattu ɗaya bayan ɗaya. Haka ta rame har ta mutu.

Daga nan mutane suka fara lura. A mashaya ana cewa wasiyyar Wickett ta fi zazzaɓi saurin aiki. In biyu suka yi faɗa sai ɗaya ya ce, "Allah ya sa tsoho Wickett ya ba ka gado." Ana dariya, amma barori suka daina yarda. Wani da aka yi wa tayi ya gudu daji a daren, ya gwammace bulalar kamu. Lambert kuma ya daɗe da mutuwa.

Ina da aure, ina goyon ɗana na fari, aka aiko mini cewa jikin mahaifina ya yi tsanani. Na same shi da hantsi, an buɗe masa taga yana kallon gonar. Ganyen ya yi ja. Ya kori kowa ya ba ni labarin nan tun daga jirgin ruwa. Da ya gama sai ya ce jiya ya kira shaidu ya rubuta sabuwar wasiyya.

"Wa ka rubuta, Baba?"

Bai dube ni ba. "Miles ne zai riƙe sunan gidan nan, Dorcas. Ke kin riga kin zama ta wasu."

Na zauna ina kallon hannuna. Ba tsoro na ji ba. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda mutum ke ji in aka tuɓe shi a kasuwa. Ya auna mu biyu, ya ga wadda ta fi araha. Ya roƙe ni in yafe masa, na ce masa gafara ta Allah ce, na fita. Washegari ya cika.

Miles da ya ji an ba ni gonar sai ya haukace da fushi. Na gaya masa komai, na roƙe shi mu bar wurin mu biyu, daji ya cinye abinsa. Ya ce lallai Yaya kin iya tatsuniya, ki kore ni da labarin dodo sannan ki dawo ke da mijinki ku shanye. Ya kai ƙara kotun gunduma, ya ce mahaifinmu ba ya cikin hankalinsa lokacin da ya yi wasiyyar.

Na san in ya ci shari'ar me zai same shi. Don haka na tsaya gaban alƙalai, gaban mutanen da suka ci abinci a gidanmu, na ce mahaifina da hankalinsa garau, na faɗi dalilinsa. Na faɗi zancen fadama da kwalba, na kira sunan Rowland da Hugh da Giles. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Babban alƙalin ya ce mutumin da ya faɗa wa 'yarsa irin wannan magana ai ba sai an nemi wata shaida kan haukarsa ba. Aka soke wasiyyar, gona ta koma hannun ɗa namiji kamar yadda doka ta tanada. Na tona asirin ubana a banza, kuma maganata ce ta miƙa wa Miles abin da nake son raba shi da shi.

Bai yi wata biyu a gidan ba ya fara jin ana kiran sunansa daga cikin kunyoyi. Da safe sai ya tashi ya ga ƙasa a kan matashinsa. Ya sa aka haƙe tsakiyar gonar ana neman kwalbar, ba a same ta ba. Na aika masa cewa har yanzu ƙofa a buɗe take, ya fito ya bar komai, ga ɗaki a gidana. Ya ƙi. Sai aka fara ganinsa a bakin hanya da takarda a hannu, yana tare matafiya yana roƙon su karɓi gado. Mutane na ganinsa suna sauya hanya.

Wata rana da la'asar ina shanya wanki ya shigo farfajiyata. Ya rame, farcensa duk ƙasa. Ya gaishe ni da ladabi irin wanda bai taɓa yi mini ba, ya tsuguna kusa da ɗana da ke rarrafe, ya shafa kansa.

"Yaya, na zo in gyara abin da na ɓata. Ni ba ni da ɗa. Bari in rubuta wa yaron nan gonar."

Na ɗauke ɗana na rungume. Na dube shi, ya dube ni, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya sani.

"Miles, fita daga gidana."

Ya tashi a hankali, ya naɗe takardarsa, ya tafi. Ban ƙara ganinsa da rai ba. Barori ne suka tsince shi kafin mako ya zagayo, kuma ban tambaye su abin da suka gani a bakinsa ba.

Da doka ta juyo da gonar kaina, na je kotu na ce ba na so. Ko cokali ban ɗauka ba. Ba wanda ya saye ta. Bulon gidan ya zube, bishiyoyi sun tsiro ta cikin ɗakin da aka haife ni, mafarauta ba sa bi ta wurin.

Ku da kuke kallon gangunan maƙwabci kuna ƙin abincin gidanku, ku ji ni. Wanda ya ce zai ba ka dukiya da araha ya riga ya ga abin da zai ɗauka a gidanka, kai ne ba ka gani ba. Kuma kada ka ce kai ba za ka iya miƙa ɗanka ba. Mahaifina ma bai fara da ɗansa ba.