Wanda Ya Riƙe Kyamarar

Ranar da Keziya ta fara shiga shagon Dominic a Sabon Gari, ta same shi yana faɗa da talabijin.

Sana'arsa juye tsofaffin kaset na bidiyo zuwa filashi. Amma duk wanda ya san shi ya san ainihin aikinsa sharhi ne, kuma ba wanda ya ɗauke shi wannan aikin.

"Dubi wannan don Allah," ya ce mata, ko sannu babu. "Mawaƙi yana waƙa, su kuma suna nuna mana fitilu. Na da, sai a dasa kyamara a bar mutum ya buɗe baki. Na yanzu kafin ka gane fuska an canza hoto sau biyar."

Keziya ta wuni tana koyar da 'yan aji uku a Samaru, ƙafafunta sun gaji da tsayuwa. Ta ja benci ta zauna, ta miƙa masa kaset ɗaure a leda.

"Bikin waƙar cocinmu ne na casa'in da huɗu. Mamata tana ciki, ta rasu shekara shida ke nan. Ban taɓa ganinsa ba."

Sai a lokacin ya dube ta.

Kaset ɗin ya yi fumfuna, sai da ya bi zaren da auduga kaɗan-kaɗan. Aikin mako uku ne, Dominic ya ja shi wata huɗu, kuma kowa a layin ya san dalili. Duk Asabar Keziya takan zo duba aiki, ta zauna ya cika mata kunne. A wurinsa finafinan zamanin kaset sun fi gaskiya, don 'yan wasan ba su iya kwalliya ba sai kuka. Na tsakiya rawa ta cinye su. Na yanzu hoto tar, labari babu. Ita kuwa takan ce tsufa ne ya kama shi tun bai kai talatin ba.

Wata safiya ya turo mata saƙo: "Malamata, na kalli fim ɗin da kika yaba. Awa biyu na rayuwata sun tafi. Amma da yake ke kika ce, na kalla har sunayen ƙarshe."

Ta mayar: "Alƙalina, wannan ai ya fi 'ina sonki' ƙarfi. Na karɓa."

Ranar da ya gama aikin, ranar ya je gaida mahaifinta, Malam Gregory, tsohon hedimasta. Aka kunna hoton a falo. Keziya ta ga mamarta Susanna a layi na biyu, budurwa da ɗankwali fari, ta yi kuka har ta gode Allah. Da aka gama, dattijon ya juyo.

"To, an ce kai masani ne. Yaya ka gani?"

Da mai wayo ne, da ya ce madalla ya sha ruwansa. Dominic ya gyara zama.

"Baba, waƙa ta yi. Amma wanda ya riƙe kyamarar nan bai san aikinsa ba. Mawaƙa arba'in, ya kafe kan mutum ɗaya. Mai ba da waƙa ma gwiwar hannunsa kawai muka gani. Ga rawar hannu. Ya cuci cocin."

Malam Gregory ya tashi a hankali, ya zare filashin ya saka a aljihu.

"Ni na riƙe ta," ya ce. Ya shige ɗaki.

Daga nan fa abu ya tsaya cak. Kawun Dominic ya zo daga Zabi da dattawa biyu neman masa auren Keziya, aka ba su ruwa aka sallame su. Fasto ya sa baki, Malam Gregory ya ce yana addu'a a kai. Wata biyar yana wannan addu'a. Ana cikin haka wani Wisdom, mai ɗaukar hoton biki, ya fara zarya gidan, shi ma yana neman Keziya. Shi ma aka kunna masa, ya ce bai taɓa ganin aiki mai kyau haka ba, ko a Legas.

Dominic ya rame. Ya daina faɗa da talabijin, abin da ya tayar wa maƙwabtansa hankali. Keziya ma ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ta gaji da kai saƙo tsakanin maza biyu masu taurin kai, ta gaji da tambayar matan coci.

Ta rubuta masa: "Dominic, na gaji wallahi. Ka je ka ce masa 'ya yi kyau'. Kalma uku ce. Ni ban kai kalma uku ba?"

Da ya ga ta kira sunansa tsirara, ya san ba wasa.

"Kin fi haka, Malamata," ya mayar. "Zan je ranar Lahadi."

Ya je bayan an tashi daga coci, da niyyar yin ƙaryar. Ya haddace ta a cikin Keke Napep tun daga Kwangila. Ya durƙusa a gaban dattijon, Keziya tana tsaye a bakin ƙofa.

"Na ji ka canza ra'ayi," in ji Malam Gregory.

Dominic ya buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa. Ya dubi Keziya, ya ga ta rufe ido.

"Baba, ku gafarce ni. Na yi rashin kunya a gidanku, wannan na tuba. Amma hoton bai yi kyau ba. In na ce ya yi, na fara zama surukinku da ƙarya. Sai dai na sake kallon kwafin da ke shagona sau tara. Da farko aiki nake dubawa. Daga baya na lura duk rawar hannun nan tana zuwa ne idan Mama ta ɗago ido. In ta sunkuyar da kai, hannun ya tsaya cak. Sannan a waƙa ta huɗu ta ɓata baiti, saboda ta kalli mai kyamarar. Ni dai na kalli bikin waƙa ya fi ɗari, ban taɓa ganin wanda na kasa dainawa ba sai wannan."

Malam Gregory ya cire gilashinsa ya riƙe.

"Waƙa ta biyar ce," ya ce.

"Ta huɗu, Baba."

Keziya ta dafe kai. Dattijon ya yi lissafi da yatsu, sai ga dariya ta ƙwace masa, irin wadda take tahowa da hawaye.

"Ta huɗu ce. Ka san abin da Susanna ta ce ranar da ta fara gani? 'Gregory, ka cuci coci.' Haka, kalma a kalma. Shekara shida ba wanda ya faɗa mini gaskiya a gidan nan, kowa lallaɓa ni yake. Da ka faɗa, muryarta na ji, shi ya sa na kasa ɗauka." Ya share ido. "Wancan yaron Wisdom kuwa waya yake dannawa har aka gama. Tashi. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Keziya ta zame ta zauna a ƙasa nan bakin ƙofa. Ko murna ba ta da ƙarfin yi, sai hawaye kawai.

An ɗaura auren a cocinsu na Samaru bayan Kirsimeti, mawaƙa suka yi waƙa har muryoyi suka dushe. Da aka zo sa albarka, Malam Gregory ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a na ango.

"Ubangiji ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka, ya tsufar da ku tare." Ya juya ga Keziya. "Bakinsa zai gajiyar da ke, 'yata. Ki yi haƙuri da shi. Ni na zauna da irinsa shekara ashirin da uku, kuma ba su ishe ni ba."

Coci ya amsa da amin.