Rigar Sallah a Gaban Kwamiti

A tashar Tambuwal Armaya'u ya fara ganin Hidaya, ranar da ruwa ya tsare su a rumfar mai shayi. Ta rungume takardun shiga makarantar jinya a cikin hijabinta. Shi manomi ne daga Fakku, taki ya zo saye. Ya miƙa mata leda ta rufe takardun, ta karɓa ba ta ɗago kai ba.

Kafin kaka, "Likitata" yake kiranta.

Mahaifinta, Malam Ɗangiwa, malamin firamare ne, albashinsa ba ya ganin ƙarshen wata. Da kwamitin tallafin karatu ya kira iyaye, ya ɗauko tsohuwar taguwarsa.

"Baba, don Allah ka sa rigar Sallah," in ji Hidaya. "Kar a raina mu."

Ita ta goge ta da hannunta. Kwamiti ya dubi aikin rigar, ya ce tallafi na marasa hali ne.

Armaya'u ya biya kuɗin makarantar, ya ce ribar gero ce. Sai daga baya ƙanwarsa Anisa ta gaya mata gaskiya: ɗaya daga shanunsa biyu na huɗa ya sayar, ga damina ta matso.

Hidaya ta daina ɗaukar wayarsa. Sai ga saƙo:

"Likitata, ko wani mai farar riga ya kore ni? In hakanan na, ki gaya mani in yi haƙuri."

Ta daɗe tana rubutawa tana gogewa kafin ta tura:

"Ba kowa sai kai. Kunyarka nika ji. Don girman kaina za ka yi huɗa da hannu."

Malam ma da ya ji, ya ce, "Ba ni ba shi ɗiyata. Sai a ce saida ta na yi."

Hidaya ta sami mahaifiyarta Hinde tana jera kwanukan da take tara mata tun tana ƙarama.

"Inna, a saida su, har gadon."

"Ki tare ɗaki wayam? Dangin miji su samu abin dariya."

"Su yi. Tabarma ta ishe ni."

Da kuɗin kayan aka sayi wani san huɗa a kasuwar Kebbe. Malam da kansa ya kai shi Fakku, sanye da tsohuwar taguwarsa.

"Ga sanka, yaro. Yanzu turo magabatanka."

Ranar tarewa mata suka shigo ganin ɗaki, suka tarar da tabarma da tukwane da littattafan jinya. Wata tsohuwa ta leƙo waje.

"Ango, ina gadon amarya?"

Armaya'u ya nuna san da ke turke. "Ga shi can yana tuƙa, Gwaggo."

Hidaya ta rufe fuska da mayafi, dariya da hawaye suka haɗe mata. Tsohuwar ta dafa kanta.

"Allah shi ba ku zaman lafiya, ɗiyata, shi sa albarka ga karatun da gonar."