Kwana Goma Babu Gajiya

Ranar da Afra'u ta fara ganin Zakiyyu, haƙorin wani ne ya faɗo kusa da takalminta.

Ta tsaya ne a layin masu gashi na unguwar Briqueterie za ta saya wa babanta soya, wato tsire, sai ta tarar mai naman ya haye ruwan cikin wani mutum yana kirɓarsa. Wanda ke ƙasan Abdulgaffar ne, mai sayar da kayan babur a kasuwar Mokolo. Shi ne ya ce naman mushe ne, ya kuma haɗa da zagin uwar mai naman. Sai da ƙarti huɗu suka taru kafin aka ɓamɓare Zakiyyu. Ya miƙe jini na ɗiga daga yatsunsa, ya juyo, idonsa ya faɗa cikin nata.

"Me za a yanka miki?" ya ce yana haki.

"Wanke hannu tukuna," ta ce. "Kuma in ƙarfi ne ya yi maka yawa, ka zo pisin, wurin iyon da nake aiki a unguwar Tsinga. Ruwa ba shi da haƙori, ka doke shi son ranka."

Gatse ta yi masa, amma bawan Allah washegari sai ga shi a bakin ruwa da gajeren wando.

Ashe a Garwa ya tashi, ya sha iyo a kogin Binuwai tun yana ƙarami. Koci Alim, mai horar da ƙungiyar manya, ya kalle shi ya tafi ya dawo sau biyu, ya ce ya samu ɗan gasar mita ɗari. Afra'u ce mai riƙe musu agogon awo, kurono, kullum yana rataye a wuyanta. Kowace safiya Zakiyyu sai ya yi mita dubu huɗu, ya fito jiki a mace, ko ƙuda ne ya sauka masa a hanci sai ya ba shi haƙuri. Unguwa ta huta da faɗa, ita kuma Afra'u zuciyarta ta daina hutawa.

Wata rana ya turo mata saƙo: "Agogona, yau wani ya taka mini ƙafa a kasuwa, ni na ce masa sannu. Ki rubuta a tarihi."

Ta mayar masa: "Kifina, na rubuta. Gobe six heures, ƙarfe shida daidai, kada ka makara. Ni ina kewarka, amma kurono ba ya kewar kowa."

Da maganar aure ta isa gaban Malam Mohaman tela, mahaifinta, sai ya tsayar da keken ɗinkinsa. Shagonsa na kallon teburin Zakiyyu ne. Kuma dama Abdulgaffar, wanda yanzu ya sa haƙorin zinare a gurbin wancan, ya riga ya aiko yana neman Afra'u.

"Da idona na ga abin da hannun nan ya yi," in ji tsohon.

"Baba, wallahi ya daina."

"Bai daina ba, 'yata, gajiya ya yi. Ranar da ya huta fa? Ke ce za ki kasance a gabansa."

Ta yi ta kuka har ya sassauto. Ya ce daga ranar zuwa ranar gasar da suke ta faɗa, in ya ji Zakiyyu ya ɗaga wa wani ɗan Adam hannu, ko da shi ke da gaskiya, magana ta mutu.

Wata takwas suka wuce lafiya lau. Sai da gasa ta rage kwana goma Koci Alim ya tara su ya ce lokacin rage atisaye ya yi. Daga dubu huɗu za a sauko dubu biyu da rabi, sannan dubu ɗaya da rabi, a ƙare a ɗari takwas. 'Yan gajerun tsere kawai, da dogon hutu a tsakani. Ya nuna Zakiyyu da yatsa ya ce ban da ɗaukar cinyar saniya a kafaɗa.

"Ƙarfin da kuka yi wata takwas kuna nema, yanzu ne zai taru a jikinku," ya ce. "Barci zai ƙi zuwa, za ku ji haushin kowa. C'est normal, haka abin yake. Ku riƙe shi har Asabar."

Nan take Afra'u ta tuna maganar babanta.

A kwana na biyar ta busa usur ya fito, ya ƙi. Ya roƙe ta ta ƙara masa ɗari biyar, ta ce ko mita ɗaya. Ya fito yana huci, ya daka mata tsawar da ta sa duk pisin ya yi tsit, ya juya ya kai wa ƙofar ƙarfen ɗakin canza kaya naushi har ta lotsa. Fuskar da ta gani ita ce ta ranar farko. Ta ɗauki jakarta ta tafi, ta kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa.

Ya rubuto: "Agogona, na tsorata ki, na sani. Ni ma na tsorata kaina. Jikina kamar an hura wuta a ciki. In Baba ne ke da gaskiya, gara ki sani yanzu, ba sai kin shigo ɗakina ba. Amma ina sonki, wannan ko a gajiye ko a huce bai canza ba."

Ranar Laraba bayan la'asar ta taso daga aiki ta nufi teburinsa, ita kanta ba ta san ko sulhu za ta yi ko sallama ba.

Abdulgaffar ya riga ta isa. Sharaɗin Malam Mohaman ya daɗe da zagaye unguwa, shi kuma ya iya jira. Ya zo da ƙarti biyu, sarƙar babur naɗe a hannunsa. Ya tsaya gaban teburin ya maimaita zagin nan na uwa, kalma bayan kalma, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Wuƙar yanka na hannun Zakiyyu. Afra'u ta damƙe kuronon wuyanta ba ta ma sani ba. Ta ga jijiyoyin wuyansa sun tashi.

Ya ajiye wuƙar, ya tura ta can ƙarshen teburi. Ya fito fili, ya mai da hannayensa baya, dama ta riƙe hagu.

Sarƙar ta sauka a haƙarƙarinsa. Ta biyu ta tsaga masa gira, jini ya rufe ido ɗaya. Ƙartin suka kwashe masa ƙafa, suka bi shi da takalma a ciki da baya.

"Rama mana!" Abdulgaffar ke ihu. "Tashi ka rama, ɗan mahauta!"

Zakiyyu na kwance a ƙasa, hannayen na nan a baya. Leɓɓansa na motsi, yana ƙirga daƙiƙa yadda take ƙirga masa hutu a bakin ruwa.

Afra'u ce ta kasa. Ta suri farantin yajin soya ta watsa wa Abdulgaffar gaba ɗaya a ido, ta bi shi da farantin a ƙeya. Ya saki sarƙar yana kururuwa yana neman ruwa, jama'a suka yi caa a kan ƙartin. Malam Mohaman na tsaye a tsakiyar titi da almakashi a hannu, ya manta bai ajiye ba.

A asibiti aka ce haƙarƙari biyu sun tsage, babu shi babu ruwa sai bayan sati shida. Zakiyyun da ya sha sarƙa bai ce uffan ba, nan ya fashe da kuka.

Ranar Asabar ya zauna cikin 'yan kallo da bandeji a ƙirji, yana duban layi na huɗu, nasa, babu kowa a ciki. Sai ya ji an zauna kusa da shi. Malam Mohaman ne, wanda tunda yake bai taɓa taka pisin ba.

"Ka huta?" tsohon ya tambaya.

"Tunda nake ban taɓa hutawa haka ba, Baba."

"Da ka rama fa?"

"Da su ne a asibiti, ni ina cikin ruwan can. Kuma da na ci, Baba, jikina ya gaya mini."

Tsohon ya juyo gare shi.

"Ka turo manyanka ranar Juma'a," ya ce. "Amma ka sani, ita ban kafa mata sharaɗi ba. Ka riƙa ɓoye yaji."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, aka ci soya har ta ishi kowa. Da aka kai amarya, ta buɗe jakarta ta miƙa masa tsohon kuronon. Tun ranar Larabar nan ba ta sake taɓa shi ba. Ashe damƙar da ta yi masa ce ta tayar da shi, da ta zabura kan faranti kuma ya tsaya. Yana nuna minti ɗaya da daƙiƙa tara. A ruwa, Zakiyyu bai taɓa sauka ƙasa da minti ɗaya da daƙiƙa sha biyu ba.

"Kifina," ta ce, hawaye na zubo mata tana dariya, "duk awon da na yi maka, wannan ne mafi kyau."

Ya buga ƙusa a saman ƙofa ya rataye shi, inda zai gan shi duk sanda zai fita. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa hannun nan ya tsufa a kan neman halali da rainon 'ya'ya.