Ruwan Mutum Nawa?

A layin tankar ruwa Darmaji ya fara ganin Lasmini. Da safe ne, teku ya sake shigowa ƙauyenmu na gaɓar tsibirin Jawa har gwiwa, tana tsaye cikin ruwan gishiri da jarkoki biyu, leɓenta a bushe. Ni da tekun nan ya ci gidana sau uku ban mutu ba, na san babu ƙishirwa mai zafi kamar ta wanda ke tsaye cikin ruwa.

"Kawo in ɗaukar miki, Dik," in ji shi. Dik ƙanwa ke nan a wurinmu, Mas kuma yaya.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Mas, da waɗannan ƙafafun na balbela? Iska ma ta isa ta ɗauke ka."

Ya ɗauka. Sau biyu yana zamewa a laka, amma ko ɗigo bai zubar ba. A ƙofar gida ta ba shi lambarta.

Darmaji mai walda ne, maraya, a gareji ya girma. Dukiyarsa injin walda ne da janareta, sai wata tsohuwar bas da ya cire wa kujeru yana mayar da ita gida. Kawunsa ya ba shi aron fili a kan tudu, tafiyar awa biyu, da sharaɗin ba gini. Can babu rijiya, tanka kan je sau ɗaya a mako.

Saƙonni suka fara kai-komo.

"Mai jarka shuɗiya, yau na saka miki taga. Gabas take kallo."

"Balbelata, taga ba ta kashe ƙishi. Ina ruwa?"

"Ki ba ni wata guda, Dik. Ko hawayenki ba zan bari ya zuba a banza ba."

Lasmini ita ce 'yar autar Pak Sukiran (Pak kamar Malam ne a wurinmu), su biyu suka rage a gidan. Sau uku yana ɗaga daɓen ɗakinsa saboda ruwa, har sai mutum ya sunkuya kafin ya shiga. Matarsa gudawa ce ta kashe ta shekarar da rijiyoyi suka lalace. Kabarinta yanzu sai a kwalekwale ake zuwa, in ruwa ya janye. A gaban kowa tsohon yakan rantse cewa gawarsa kaɗai za ta bar ƙauyen nan.

Da Darmaji ya je gaisuwa, Pak Sukiran ya bar shi durƙushe ya daɗe.

"Gunarto mai tanka ya riga ka magana. Gida gare shi na bulo, da rijiyar burtsatse. Kai kuma gwangwani. Ruwa ya ci mini mata, ba zai ci mini 'ya ba. Je ka kawo mini lissafin ruwan motarka."

Mako guda yaron ya yi yana auna kansa da jarka: sha, girki, alwala, wanka, wanki. Lita arba'in a yini. Mutum biyu, kwana bakwai, ɗari biyar da sittin. Ya ɗauko tef ɗin awo, ya haɗa tanki mai tsawon santimita ɗari da hamsin, faɗi tamanin, zurfi hamsin. Ya ninka su, ya raba da dubu: lita ɗari shida cif. Har da rara.

Ya kai takardar yana murmushi. Lasmini na bayan labule.

Tsohon ya duba. "Wannan ruwan na mutum nawa ne?"

"Na biyu, Pak."

Pak Sukiran ya naɗe takardar a hankali ya miƙa masa. "Lissafi ya yi kyau. Allah ya ba ka wata."

Ni ko bihim ban sani ba, amma da labarin ya iso mini nan take na gane inda aka yi ɓari. Shi mai biro da takarda kwana tara bai gane ba. Ya sake ninkawa, ya cika tankin da jarka talatin don ya tabbatar. Ya kira Lasmini, ba ta ɗauka. Rana ta tara ya hango ta a kujerar gaban tankar Gunarto, an nufi tudu da ita da wata gwaggonta.

"Sai ka zo ɗaurin aure, mai gwangwani!" in ji Gunarto ta taga. "Za a ba ka ruwa kyauta!"

Ya rubuta mata: "Ashe burtsatse kike so, Dik. Da kin faɗa tun farko."

Sai la'asar amsa ta zo.

"Ba rijiyarsa na je gani ba, ɗakin da ya ware wa Baba na je gani. Ba na son Gunarto, Allah ya sani. Amma kai ka ƙirga ni, ka ƙirga kanka, ka bar ubana ga teku. Wa zai ɗebo masa ruwa in na tafi?"

"Ai shi ya rantse ba zai tashi ba!"

"Mas, yaushe ka taɓa jin tsohon Jawa ya ce a ɗauke shi? Tayi ake yi masa, ya ƙi, a sake."

Darmaji ya zauna a dandamalin bas ya yi kuka. Bai tashi gaban uba ba, bai san rantsuwar tsoho roƙo ce ba.

Mutum uku, kwana bakwai: ɗari takwas da arba'in. Sai an ƙara tanki na biyu, mai cin ɗari uku. To lita guda kilo guda ce, kuma bas ɗin ta tsufa, tun da tanki ɗaya take nishi. Ya dubi injin waldarsa da janareta ya daɗe. Da su ya haɗa sabon tankin, shi ne aikinsu na ƙarshe a hannunsa. Inda injunan suke zama ya kafa tankin, ya shimfiɗa gadon katako a kai.

Ya ɗauko Pak Sukiran a kwalekwale zuwa inda kwalta ta ƙare, inda ya ajiye bas ɗin. Tsohon ya ƙwanƙwasa tankin da sanda.

"Gadon wa?"

"Naka, Pak."

"Ni ba na zuwa."

"Pak, ka taimaka mana. Lasmini ba za ta iya barci ba in ba ta ji tarinka ba."

"Na ce ba na zuwa. Uwarta fa?"

"Duk Alhamis zan kawo ka, ni zan tuƙa kwalekwalen. Ka zo, Pak. Ni ban taɓa samun wanda zan kira Baba ba."

Tsohon ya juya baya yana kallon teku.

"Ina injin waldar?"

"Mota ba ta ɗaukar duka. Na rabu da shi."

"Da me za ka ci da 'yata, wawa?"

"Hannuna na nan. Zan yi wa wasu aiki."

Pak Sukiran ya zauna a kan gadon, ya danna katifar da tafinsa. "Ta yi tauri," ya ce. "Zan saba."

An ɗaura aure a masallacinmu, sahun baya na tsaye cikin ruwa. Aka ci shinkafa mai kurkum da soyayyen kifi. Kafin su tashi aka kai tsohon wurin kabarin matarsa shi kaɗai, abin da ya faɗa can babu wanda ya ji. Ya dawo wandonsa sharkaf, idonsa ja, bai waiwayi gidansa ba.

A ƙofar bas Lasmini ta raɗa wa mijinta, "Balbelata, ka iya lissafi yanzu."

Ango da amarya suka durƙusa suka kai goshi gwiwar tsohon. Ya dafa kawunansu.

"Allah ya raba ku da ƙishi, ya raba ku da ruwan da ya fi ƙarfinku. Kai kuma, kada ka yar da tef ɗin awon nan. In Allah ya so, baɗi lissafinka zai sake ɓaci."

Duk muka ce amin, ƙafafunmu a cikin ruwa.